Ranar Sha Uku, Ki Ƙara

Muhandis Misra ya mutu ranar Talata da hantsi, cikin zafin watan Rajab na shekarar 1974, yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi. Dela tana kicin tana wanke kofunan shayi. Ta ji faɗuwar abu mai nauyi, ta ɗauka buhun shinkafa ne ya zame, sai da ta ɗauraye kofin ƙarshe ta kife shi sannan ta leƙo. Ta same shi kwance ta gefe tsakanin kujera da ƙofa, takalmi ɗaya a ɗaure, ɗaya bai samu ɗauri ba, matarsa Sitti Urmila tana durƙushe tana girgiza masa kafaɗa, tana kiransa da yarensu. Dela ta dubi idonsa sau ɗaya, ta san abin da ta gani. Ta sauka ƙasa ta kira mai gadi.

Ba'indiye ne, mai bin addinin Hindu, injiniya, wato muhandis da Larabci, a wani kamfani da ke aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Jidda. Kamfanin ne ya kama masa gida a hawa na biyu na wani sabon bene a gefen unguwar Ruwais, inda iskar teku ke shigowa da ɗanshi da warin kifi. Shekara biyu ke nan Dela tana yi musu shara da wanki da wanke-wanke. Ba su da ɗa a nan, ɗansu ɗaya yana karatu can ƙasarsu.

Kafin azahar motar asibiti ta ɗauke gawar. Da gidan ya yi shiru, Sitti Urmila ta karɓi tsumma daga hannun Dela, abin da ba ta taɓa yi ba, ta goge wurin da mijin ya faɗi da kanta. Ta shiga ɗaki ta fito da fitilar tagulla mai zurfi kamar ƙaramar tasa, ta ajiye daidai inda kansa ya kwanta. Ta zuba man riɗi, ta murza auduga ta yi dogon lagwani, ta juya bakinsa ya kalli kudu, ta kunna, ta kifa masa gilashi mai buɗaɗɗen baki. Sannan ta kashe na'urar sanyi da fanka, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

Dela ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ba ta ji komai ba, kuma ba ta yi mamakin hakan ba.

Wata bakwai ke nan da ta daina ji. An haife ta a Mai Wurno, can Sudan, ta ƙetaro teku da mijinta Ubale tana goye da 'yarsu Mastura. Ubale ya daɗe da rasuwa, ita da yarinyar suka zauna a ɗaki ɗaya a gidan yayanta Na'ibi a unguwar Bani Malik. Bayan aikin hajjin da ya wuce zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya kama Mastura, tana da shekara ashirin da ɗaya, kwana uku ta yi a asibiti. A rana ta ukun Dela ta iso da filas na kunu, ta tarar da Khadijatu, matar Na'ibi, a bakin ƙofa. Khadijatu ta ce mata, "Dela, sai haƙuri. Mastura ta cika."

Dela ta ce, "Ta cika me?"

Sai da aka zare filas ɗin daga hannunta. Ba ta yi kuka ba a ranar, ba ta yi ba ranar uku, ba ta yi ba ranar arba'in. Matan unguwa suka riƙa ba da misali da tawakkalinta. Ita dai ta ci gaba da tashi da asuba, tana hawa motar haya zuwa Ruwais, tana dawowa da yamma ta auna shinkafa gwangwani biyu kamar yadda ta saba. Abin da ya rage a tukunya Khadijatu ce ke kwashewa da safe.

Fitila ba baƙuwar Dela ba ce a gidan Misra. A ɗakin barci akwai wani kabad da ba a buɗewa idan da baƙo, cikinsa hotuna ne da 'yan gumaka biyu na tagulla, da wata ƙaramar fitila irin aci-bal-bal ɗin da Dela ta taso tana gani a Mai Wurno. Sitti Urmila tana kunna ta da safe bayan ta yi wanka, tana kuma kunnawa dab da faɗuwar rana. A makonta na farko Dela ta shiga shara, ta ga wuta na ci a cikin katako da rana tsaka, ta sunkuya ta hure. Sitti Urmila ba ta yi faɗa ba. Fuskarta ce ta yi fari, ta je ta sake wanka, ta sake kunnawa, sannan ta zaunar da Dela ta yi mata bayani da guntun Larabcin da ta tsinta a kasuwa, rabi da baki rabi da hannu. Ba a hure wannan wutar, in ji ta, domin numfashin baki yana tafe da yawu. Ba wutar suke bauta wa ba, wutar ce ke fara shiga gaban wanda ake bauta wa, ta gyara wuri. Man shi ne abin da mutum ke so da abin da ya ƙi saki, lagwanin shi ne mutumin kansa, wutar tana cin su biyun a hankali, abin da ya rage haske ne. Ta karkata fitilar hagu, ta karkata ta dama, ta nuna wa Dela cewa ko ta ina aka juya, harshen sama yake kallo.

Dela ta saurara kamar yadda ake sauraron rediyon maƙwabta. Ta riƙe abu ɗaya, ba a hurewa. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa kabad ɗin ba, ba ta kuma taɓa ganin yadda ake kashe fitilar ba, domin ɗan mai kaɗan ake zuba mata, ta ci ta ƙare da kanta.

Wannan ta falon kuwa daban ce. Ita ba a barin ta ta ƙare.

A Jidda ba a ƙona gawa, su kuma haka suke yi wa mamatansu, don haka sai an kai shi gida. Takardu suka ɗauki kwana takwas. Mai yawon takardun kamfanin wani Othman ne, Bahaushe haifaffen Jidda, mai tumbi da farar jallabiya da fayil a hammata, wanda Hausarsa kan ƙare a tsakiyar magana ya ƙarasa da Larabci. Kullum zai hau benen yana haki, ya ce saura hatimi ɗaya, gobe inshallah. Ya kan kira Dela da Khala, wato inna, ya kan kuma tsaya daga bakin ƙofa, ya dubi fitilar ta gefen ido, ya kau da kai kamar bai gani ba. A ƙasar nan abin da ba a gani ba, ba a yi shi ba, kuma Othman ya iya rashin gani.

Sitti Urmila ta cire awarwaronta, ta goge jan ɗigon da ke goshinta, ta sa farin zane. Ba ta hawa gado. Safe da yamma tana ɗage gilashin, ta ƙara mai, ta ja lagwanin da tsinke, ta karkaɗe bakin da ya ƙone. A rana ta huɗu ta ce wa Dela, ba tare da an tambaye ta ba, wanda ya mutu bai san ya mutu ba. Yana nan yana kewaya inda ya faɗi, cikin duhu, ba shi da jiki, ba shi da ido. Hasken ne ke nuna masa inda yake da inda zai bi, kudu, har kwana goma sha uku. Idan fitilar ta ɗauke kafin nan, ya ɓata.

Dela ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da ninke kaya cikin akwati.

Rana ta tara, Laraba, takardu suka cika. Jirgi zai tashi bayan la'asar, gawar tana ciki, kuma iƙamar matar ta mutu tare da mijin, ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya. Ta naɗe gumakan cikin zannuwa ta tura ƙasan akwati. Kabad ya zama kabad. Abin da ya rage a gidan kujerun kamfani ne, da wata shuka mai ƙamshin ɗoɗɗoya a cikin gwangwanin madara a bakin taga, da fitilar.

Othman yana ƙasa yana danna ƙahon mota. Sitti Urmila ta kamo hannun Dela, ta durƙusar da ita gaban fitilar, ta ɗaga yatsu huɗu.

"Hajja, saura kwana huɗu. Safe, mai. Magariba, mai. Baki, a'a." Ta rufe bakinta da tafi. "Ranar sha uku, inti zawwidi. Ki ƙara. Ki ƙara, bas, halas, shi ke nan."

Ta yi wani motsi da yatsa biyu a kan lagwanin, kamar mai jan zare. Ƙaho ya sake ƙara. Ta sa mabuɗin gidan a tafin Dela ta matse yatsunta a kai, ta dube ta, tana jira.

Dela ta ce, "To."

Da daddare ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari da safe Na'ibi ya gan ta tana ɗaura mayafi, ya tambaye ta ina za ta, tunda masu gidan sun tafi. Na'ibi tela ne, shi ke jan salla idan liman ba ya nan, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Ta gaya masa yadda aka yi, ba ta rage ba. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, mamaci ba ya bukatar man riɗi, aikinsa ne haskensa ko duhunsa. Amma ya ce ta riga ta ce to, kuma matar ta zauna da ita lafiya shekara biyu, ita ce ma ta aiko da zanen da aka rufe makarar Mastura da shi.

"Kwana huɗu dai ko?"

"Kwana huɗu, Yaya."

"Ki zuba man kamar yadda kike zuba ruwa a randa. Kada ki sa zuciyarki a ciki."

Khadijatu tana tankaɗe a gefe, ta ce can ƙasa-ƙasa, ina ma akwai zuciyar da za a sa. Na'ibi ya yi kamar bai ji ba.

Haka ta yi. Tana isa da hantsi, ta buɗe ƙofa a hankali don kada iska ta shigo da ƙarfi, ta cire takalmi, ta ɗage gilashi, ta zuba. Ta share gidan da babu mai ɓata shi, ta ba shukar ruwa, ta yi azahar da la'asar a ɗakin da babu fitilar, ta sake zuba mai kafin magariba ta kulle. Murza lagwani bai ba ta wuya ba, tun tana yarinya take kaɗi, nata ma ya fi na Sitti Urmila tsawo da laushi.

Ranar Lahadi, ta goma sha uku, ta yi abin da aka ce. Ta ƙara mai har ya zo baki, ya yi tozo yana rawa. Ta tuna motsin yatsun nan, ta ja lagwanin waje, harshen ya yi tsawo ya yi ja. Ta ƙara lagwani na biyu a gefensa, don kada a ce ta yi ƙwauro. Sannan ta zauna ta jira ta ga ko wani abu zai faru. Ba abin da ya faru. Ƙasa ana ta sauke bulo daga wata babbar mota.

Ranar Litinin ta je don ta wanke fitilar ta mayar da mabuɗi. Ta tarar tana ci.

Ta tsaya a kanta. An ce mata safe mai, magariba mai, an ce ranar sha uku ta ƙara. Ba wanda ya ce ta kashe. A Hausa kuwa kalmar ke nan, kashe fitila ake yi, in kuma an bar ta, mutuwa take yi. Dela ta auna kalmomin biyu a bakinta, ba ta ga wadda za ta iya ɗauka ba. Mai yiwuwa ƙarin na nufin daga ranar sha uku hanyar ta fi duhu, ana bukatar wuta fiye da da. Ba ta yarda akwai wani Muhandis da ke kewaya falon ba, ta san mamaci yana inda Allah ya ajiye shi. Amma ta ce to, kuma wadda ta ce wa ba ta nan balle ta tambaye ta. Ta ɗage gilashin ta zuba.

Kwana goma sha biyar. Kwana ashirin. Man da aka bari ya ƙare, ta fara saye a kantin Mahmud, wani tsohon Ba'indiye Musulmi mai sayar da mai da kayan yaji a bakin kasuwar Bani Malik. Silin ɗin falon ya yi baƙin tabo daidai saman fitilar. Kayanta suka kama ƙamshin riɗi da ƙauri. Wata Bamisriya ta aiko tana neman mai aiki, Dela ta ce tana da aiki.

Na'ibi ya ƙirga kwanakin a ransa har ya gaji, ya kira ta bayan la'asar wata Juma'a. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda da huɗu, yanzu ga shi an doshi ashirin, mutane sun fara tambaya. Ya ce amana tana da iyaka, abin da ya wuce iyaka kuma ya zama wani abu daban, ba ya so ya faɗi sunansa. Ta ce ita ma ba ta san iyakar ba, da ta sani da ta tsaya. Ya ce to ta sani, fitilar nan ba za ta shigo masa gida ba, ko a kunne ko a kashe.

Othman ya zo ranar Lahadi, ya same ta durƙushe tana karkaɗe lagwani. Wannan karon bai iya kau da kai ba.

"Ya Khala, har yanzu? Mutumin nan ya zama toka tun yaushe, ke kina nan kina soya masa iska." Ya share gumi da gefen hiraminsa. "Wallahi ni ban ga komai ba. Amma ranar Alhamis sabon muhandis zai shigo da iyalinsa, kuma masu fenti za su riga shi. Miftah, mabuɗin nan, Alhamis da safe. In ba ki kashe ba, ni fuu ɗaya zan yi mata, halas."

"Ba a hurewa."

"To ki yi mata yadda ake yi. Alhamis."

Ta tambaye shi ko akwai hanyar aika wa Sitti Urmila tambaya. Ya ce wasiƙa mako biyu zuwa, mako biyu dawowa, in ta je. Ta duba ko za ta iya ɗaukar fitilar a kunne cikin kwano, ta tuna iskar titi da motar haya, ta tuna kuma ba ta da inda za ta kai ta. Ta ci gaba da zuba mai, Litinin, Talata, kamar Alhamis ba ta cikin makon.

Ranar Laraba kafin azahar ta miƙa wa Mahmud kwalba. Ya sa mazurari, yana zubawa yana kallonta ta saman tabarau. Shekararsa talatin a Jidda, Larabcinsa ya fi nata, har da 'yar Hausar ciniki.

"Hajja, kwalba ta biyar ke nan. Ko dai gidan biki kika buɗe ba ki gayyace ni ba? Man riɗi ba na wasa ba ne, mutanen Jizan ma, da suka fi kowa son shi, ba sa sha haka."

Babu kowa a kantin. Ba ta san dalili ba, ta gaya masa. Ya daina zuba man tun kafin ta kai ƙarshe. Ya tambaye ta mutanen wane gari ne, ta ce ba ta sani ba, sunan mijin dai Misra. Ya gyaɗa kai, ya ce mutanen wajensu ne, yarensu ɗaya. Ya ce ta maimaita masa abin da matar ta faɗa, kalma da kalma. Ta maimaita. Zawwidi, bas, halas.

Dariya ta taso masa, ya ga fuskarta, ya haɗiye.

Ya ce a yarensu ba a cewa a kashe fitila, mugun baki ne, kamar kana kira wa gidan mutuwa. Cewa ake a ƙara ta. Ba Hindu kaɗai ba, su ma Musulmin can haka suke faɗa, uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa a kashe fitila ba. Shi kansa in zai rufe kantin nan, a yarensu ba ya cewa zai rufe, cewa yake zai ƙara kanti. Matar ta ɗauki kalmarsu ne ta sa mata rigar Larabci, ta ɗauka kowa haka yake faɗa.

"Ta yi haka da yatsa?" Ya nuna, yatsa biyu, yana ja baya, wajen kansa. "Ba waje ake ja ba, Hajja. Ciki. A ja lagwanin baya da tsinke ko reshen fure har ya nutse cikin man. Man da ya ciyar da ita shi zai kwantar da ita."

Dela ta dubi kwalbar da ta tsaya rabi. Ta ƙirga daga Lahadin ranar sha uku zuwa yau, goma sha bakwai.

"In an wuce sha ukun fa?"

Ya ce yadda ya ji daga maƙwabtansu yana yaro, ranar sha uku ake sallamar mamaci. A ci abinci, a buɗe tagogi, a ƙara fitila, don ya gane nan ba gidansa ba ne kuma, ya kama hanya.

"Na tsare shi ke nan."

"Ni Musulmi ne kamar ke, Hajja. Ban sani ba." Ya cire mazurarin ya goge da tsumma. "In cika kwalbar, ko a bar ta haka?"

Ta ce a bar ta haka. Aka kira salla, ya fara jawo ƙofar kantin.

Da yammar ta je Ruwais ta zuba mai kamar kullum, domin ba ta shirya ba. Ranar Alhamis ta riga Othman isa. Ta cire takalmi, ta buɗe tagogin falon duka, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka kunna. Harshen ya yi rawa cikin gilashi ya tsaya. Ta je bakin taga ta karyo reshe ɗaya daga shukar nan, ta tsige ganyen, ta dawo ta durƙusa.

Ta ɗage gilashin ta ajiye gefe. Ta fara da lagwanin da ita ta ƙara, ta ja shi baya, ya nutse ba musu. Na farkon ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi addu'a ba, ba ta san wadda za ta dace ba, ta dai rufe bakinta don kada numfashi ya kai. Ta sa reshen ta ja. Harshen ya gajarta, ya yi shuɗi, ya zauna a kan man kamar ƙwayar gero, sannan babu. Wani siririn hayaƙi ya miƙe, iska ta karkata shi wajen taga.

Falon bai yi duhu ba, hantsi ne. Ta taɓa gefen tagullar, da zafi. Ta zauna har ya huce.

Othman ya shigo yana haki, masu fenti biyu a bayansa da bokitai. Ya dubi ƙasa, ya dubi tabon silin, ya dube ta.

"Kin kashe ta, ya Khala?"

"Na ƙara ta."

Ya sake duban ƙasa. "Halas dai?"

"Halas."

Ta juye sauran man a gindin shukar, ta wanke fitilar da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, ta naɗe ta cikin tsumma mai tsabta ta ba shi, ta ce a haɗa da sauran kayan Muhandis da kamfani zai aika. Ya ce ko a rubuta wani abu a ciki. Ta ce a rubuta an yi yadda ta ce, an ɗan makara. Ta ba shi mabuɗin. Shukar ta bar wa masu shigowa.

Ta isa Bani Malik rana tana tsaka, lokacin da ba ta saba kasancewa a gida ba. Ta zauna a ɗakinta har la'asar, ba ta yi barci ba, ba ta yi komai ba. Da inuwa ta kai bakin rariya ta fito da tukunya, ta buɗe buhu, ta auna gwangwani ɗaya ta zuba. Ta cika na biyu, ta tsaya da shi a hannu. Khadijatu tana bakin ƙofarta tana tsinke zogale, ta ɗago.

Dela ta ce, "Mastura ta cika."

Khadijatu ta ajiye tiren a hankali. "Ta cika, Dela. Wata takwas ke nan."

"To."

Ta mayar da shinkafar cikin buhu, ta ɗaure bakinsa. Ruwan da ta zuba a tukunyar ya yi yawa, na mutum biyu ne, ta tsiyaye rabi a rariya, ta ɗora.